Hancin Yaya

Shafi na 11

Masu cewa na yi shiru da yawa, na ji. Ga shi.

Wanda yau ya shigo: Yaya mai shagon gas ne. Ni ƙaninsa ne, a gidansa nake zaune, a shagonsa nake aiki tun da na gama sakandare. Korona ta kwantar da shi, ya tashi, amma ba dukansa ne ya tashi ba.

*

Anti, matar Yaya, ce ta fara magana da safe.

"Baban Kumatu, zo ka ji kicin ɗin nan."

Tana tsaye a bakin ƙofa, jaririyarsu Kumatu a kafaɗarta, ta yamutsa fuska.

Tukunyar gas ɗin sabon cikawa ce. Jiya Yaya ya ciko ta shi kaɗai, don ban je shago ba, na tafi duba sakamakon jarrabawa. Da safen nan tsohuwar ta ƙare ana sauke shayi, shi ne ya ɗaura wa sabuwar tiyo.

Ya shiga. Ya durƙusa. Ya kai hanci bakin tukunyar, ido a rufe, yadda ya saba.

A layinmu ba wanda ke kiransa da sunansa. Mai Hanci ake ce masa. Sauran masu gas kumfar sabulu suke shafa wa bakin tukunya, in ta yi ƙwai-ƙwai sun san tana yoyo. Shi dariya yake musu. "Sabulu na wanki ne," in ji shi. Shinshina ɗaya yake yi ya ce a canza roba, a buɗe a ga robar ta tsage. Bai taɓa kuskure ba. Har mata daga wasu unguwanni ke turo yara da tukunya, wai a kai wa Mai Hanci.

"Kwata ce," ya ce. "Ta bayan taga. Ta sake toshewa."

"Anya kuwa?"

"Ni za ki ce wa anya a kan gas?"

Ya juyo ya kalle ni. Dogon kallo.

"Auta, kai fa?"

Na ja iska. Na ji wani abu. Ko ban ji ba? Ga ɓawon albasa a kwandon shara, ga jiƙaƙƙen tsumma, ga kwatar da ya ce. Kuma Mai Hanci ya riga ya yi magana.

"Ban sani ba," na ce.

"To kin ji."

Ya miƙe, ya rufe taga, ya jawo ƙofar kicin.

"Bar shi a rufe, kar warin ya shigar wa yarinya ɗaki. Da yamma zan sa a yashe kwatar."

Anti ta ce to. Ta ce ai sai rana za ta ɗora girki.

Muka fita. Ni ke tuƙa babur ɗin tun da ya fara jiri.

*

Duk ranar da zai je asibitin unguwa, a bakin ƙofa nake sauke shi in wuce shago. Yau Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da zaman masu ciwo irin nasa, ta ce kowa ya zo da wani nasa.

Ɗaki ne a bayan ɗakin shan magani. Fanka ɗaya. Kujerun roba a zagaye, da benci biyu a jikin bango. Wata mata na kwance a kan ɗaya, ta rufe ido da gyale, ba wanda ya tanka mata. Ashe dokarsu ce: wanda ya gaji ya kwanta, ba tambaya.

Masu ragowar korona, haka suke kiran kansu. Na zata zan ga masu ƙarin ruwa. Mutane ne kawai. In ka gamu da su a titi ba za ka ce komai na damunsu ba. Wannan ne ya fara ɗaure min kai.

Wani dattijo mai ƙaton ciki ya ɗaga hannu.

"Mai Hanci! Wannan ne autan? Kai, ya fi ka kyau."

"Direba, ka bar numfashinka ya huta," in ji Yaya.

"Numfashin da tun bara ya ajiye aiki?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Wata mai tabarau ta miƙa masa ruwa. Malama suke ce mata, da can tana koyarwa a firamare.

"Sannu, yaro," ta ce min. "Zauna a kan... a kan..."

Ta nuna da yatsa. Ta tsaya.

"Kujera," in ji Direba.

"Na sani! Bari in samo abina da kaina."

Na zauna. Ban san inda zan sa idona ba.

Sista ta yi mana magana, mu 'yan rakiya. Wai kar mu riƙa cewa su daure. Wai in mutum ya ji ƙarfi yau ya ƙure kansa, jibi ba zai iya ɗaga kofi ba. Wai su riƙa hutawa kafin gajiyar ta zo, ba bayan ta zo ba.

Matar Direba ta ce, "To Sista, ta yaya za mu gane ciwo da lalaci? Shi fa tun yana da lafiya..."

Aka fashe da dariya. Yaya ma ya yi. Ni ban yi ba. Kicin ke dawo min a rai. Na ce wa kaina kwata ce.

Sai Sista ta ɗauko tire.

Ƙananan kwalabe ne masu duhu, kowacce da kalar murfinta, a ciki auduga. Horon hanci. Waɗanda korona ta ɗauke wa jin ƙamshi suna shaƙa a hankali, suna tuna abin a zuciya, ko hancin zai sake koyo.

"Mu fara da zakaranmu," in ji Sista. "Auta, yayanka ne ya riga kowa warkewa a nan. Da shi nake ƙarfafa wa sababbi gwiwa."

Yaya ya gyara zama. Ya ɗauki mai jan murfi, ya buɗe, ya rufe ido.

"Kanumfari."

Ya ɗauki mai ruwan ɗorawa.

"Lemun tsami."

Mai kore.

"Man zafi."

Mai fari. Wannan ya daɗe a kanta, har da murmushi.

"Fure. Yau ma ya fi ƙarfi."

Direba ya tafa. "Mai Hanci kenan! Ni har yanzu duk warin takalmi nake ji."

Kwalbar mai jan murfi na kusa da ni. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya kai. Na shaƙa.

Lemun tsami.

Na sake shaƙa. Lemun tsami ne. Har yawu ya taru min a baki.

Na kalli Yaya. Na kalli kwalbar. Na ce ƙila hancina ne. Da safe ma ai haka ya yi min.

"Lafiya, Auta?" in ji Sista.

"Ban sani ba."

"Me ka ji?"

"Kamar... ban sani ba. Kamar lemo."

Yaya ya haɗe rai. "Ajiye musu kaya. Kai da ko sati ba ka yi ba kana bambance gas da fetur."

Sista ta karɓa ta shaƙa. Girarta ta haɗu. Ta ɗauki mai ruwan ɗorawa ta shaƙa. Ta ɗauki mai kore.

"Wa ya shirya tiren nan?"

Malama ta ɗaga hannu a hankali.

"Ni ce. Kin ce a wanke su a sa sabuwar auduga. Na wanke. Na shanya murafen a kan taga. Na..." Ta dafe baki. "Innalillahi. Ban tuna wanne ne na wacce ba. Na rurrufe kawai."

Sista ta ɗauki mai farin murfi, wadda Yaya ya ce fure. Ta shaƙa. Ta leƙa ciki.

"Wannan ba a ɗiga mata komai ba. Auduga ce zalla."

Direba ya fara dariya. Shi kaɗai. Ya duba fuskokin mutane, ya haɗiye sauran.

Kowa ya juyo ya kalli Yaya.

Ni dai ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Na ɗauka Malama ce ta yi laifi. Ina jira a yi mata faɗa.

Sista ta jawo kujera ta zauna a gaban Yaya.

"Kalar murfi kake karantawa."

Yaya ya kau da kai.

"Tun yaushe?"

"Sista, mura nake yi yau."

"Tun yaushe, Mai Hanci?"

"Na ce mura ce."

"Ba wanda zai kore ka. Direba ya shekara yana jin takalmi, ga shi nan zaune."

"Takalmin soja ma kuwa," in ji Direba, murya ƙasa-ƙasa.

Yaya ya sunkuyar da kai. Yana murza murfin kwalbar a tafin hannunsa.

"Ina jin wari," ya ce.

"Wane iri?"

"Kwata."

Wani abu ya taɓa ni a baya, kamar ruwan sanyi. Ban kama shi ba tukuna.

"A ina kake jin ta?" in ji Sista.

"A ko'ina." Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "A shayi. A sabulu. A rigata in an wanke. In na ɗauki 'yata na kai hanci kanta, kwata nake ji, Sista. 'Yata."

Matar da ke kan benci ta cire gyalen daga idonta.

"Da farko ba na jin komai," ya ce. "Kamar an toshe da siminti. Ranar da na fara jin warin nan na yi murna. Na ce ya dawo. Na zo nan na faɗa, kuka tafa min. Na je gida na faɗa, matata ta yi kuka. Daga baya na gane wari ɗaya ne tak, a kan komai. To in dawo in ce me? In ce ku mayar da tafinku?"

"Ka ce abin da ke akwai," in ji Sista. "Yana faruwa da mutane da yawa. Wasu hayaƙi suke ji, wasu ruɓa. Ba ƙarshen hanya ba ne. Sau da yawa ma a kan hanyar dawowa ake bi ta nan."

"Ke albashi kike ɗauka. Ni hancin nan ne shagona."

Malama na kuka a hankali. "Ni na jawo. Ku yi haƙuri. Kaina ne."

"Ba ke ba ce," in ji Direba. "Kin ma yi aikin lada."

Sai na ji muryata.

"Shago fa?"

Yaya bai kalle ni ba.

"Yaya. Tukwanen da muke cikawa kullum. Wa ke duba su?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai."

Na tuna. Tun da ya koma aiki, kowace tukunya sai ya shinshina, sannan ya ce, "Auta, zo kai ma ka ji, aiki nake koya maka." In na ce akwai, sai ya ce, "Yawwa, na zata ba za ka kama ba." In na ce babu, sai ya ce, "Ka fara hankali." Na ɗauka jarrabawa ce yake min. Har ina jin daɗi wai ban taɓa faɗuwa ba.

"Ba ka koya min komai ba kenan."

"Fuskarka nake kallo. In akwai yoyo hancinka na motsi kafin ka yi magana. Tun kana ƙarami haka kake."

"Me ya hana ka shafa sabulu?"

"A gaban wa? Mutanen layi? Su ga Mai Hanci da kwanon kumfa?"

"In ba na nan fa?"

"Kullum kana nan."

"Jiya ba na nan."

Ya zuba min ido.

Abin da ya taɓa ni a baya ɗazu ya dawo. Wannan karon na kama shi.

"Tukwane nawa ka cika jiya?"

"Ban buɗe wa kowa ba. Na ce injin ya lalace." "Ta gida kawai."

"Ta gida."

"Auta, na tambaye ka da safe. A gabanta na tambaye ka. Na kalli fuskarka."

"Ka riga ka ce kwata ce!"

"Ka ce ba ka sani ba!"

"Don ka ce kwata ce! Wa zai ce gas bayan ka ce kwata?"

"Da ka ji ai da hancinka ya motsa!"

"Na riƙe shi! Kar ka ce na raina ka!"

Muka tsaya muna kallon juna. Shi yana jira in gaya masa. Ni ina jira ya gaya min.

Sista ta miƙe tsaye.

"Ku tsaya. Wace tukunya? Wa ya ji me?"

"Matarsa," na ce. "Da safe ta ce kicin na wari."

"Kai ka ji?"

"Ban... na ji wani abu."

"Gas ne ko ba gas ba ne?"

Na rufe ido. Albasa. Tsumma. A ƙarƙashinsu wani abu mai nauyi, mai kama maƙogwaro, wanda nake ji a rigata kullum in mun tashi daga shago.

"Gas ne."

"Tagar a buɗe take?"

Ta juya wajen Yaya.

"Mai Hanci, tagar a buɗe take?"

"Na rufe," ya ce. Da kyar aka ji. "Da ƙofar."

Direba ya dafa kujera ya miƙe. "La'ilaha illallahu. Rana fa ta yi."

Na zaro waya. Na kira Anti.

Tana ƙara. Ba a ɗauka ba.

Na sake.

Yaya ya zabura ya nufi ƙofa da gudu. Bai kai bakin baranda ba ƙafafunsa suka ƙi. Ya dafe bango, ya zame ya zauna, yana jan iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Sista ta riƙe kafaɗarsa.

"Zauna. Gudunka ba zai kai ka ko'ina ba. Akwai lambar maƙwabta?"

"Suna... wurin aiki... duka."

"Auta, ci gaba da kira. In ta ɗauka, kar ta kunna komai. Ko makunnin fitila kar ta taɓa. Ta ɗauki yarinya ta fita waje."

Yaya ya kamo ƙafar wandona.

"Kar ka faɗa mata dalili."

"Me?"

"Ce mata kawai ta fita. Ni zan... da kaina... wata rana."

Yayana ne. Shi ya biya min makaranta. Yana zaune a ƙasa yana roƙona.

Aka ɗauka.

Na sa a lasifika ban sani ba. Kukan Kumatu ya cika ɗakin.

"Auta, yaya? Ina ta jin waya, hannuna da sabulu."

"Anti, kina ina?"

"Kicin zan shiga. Yarinyar nan ta tashi da yunwa, ruwan zafi zan ɗora mata. Kai, kwatar nan ta yi ƙarfi yau, tun daga falo. Har ɗankwali na ɗaure a hanci."

"Kar ki kunna! Anti, kar ki kunna gas ɗin!"

"Saboda me?"

"Yoyo yake. Ki ɗauki Kumatu ki fita."

Ta yi 'yar dariya.

"Kai da ka ce ba ka sani ba? Yayanka ya duba da kansa. A gabanka."

"Anti, don Allah."

"Auta, shekara nawa yana aikin nan? Ka taɓa ganin ya yi kuskure? Ni ma da safe na tsorata, amma tunda ya ce kwata ce, kwata ce. Yi shiru mana, Kumatu, ga shi nan zuwa."

Na ji ƙarar ƙofar kicin. Na san ƙararta, tana kuka in an tura.

Sista ta matso bakin wayar. "Baiwar Allah, ni ce Sista ta asibiti. Ki fita daga..."

"Wa ke magana? Ba na ji sosai, yarinya na ihu. Auta, ina ka ajiye ashana? Ba ta kan teburi."

A kan firji take. Ni na ajiye ta. Ban faɗa ba.

"Au, ga ta."

Kwalin ya yi ƙara. Tsinkayen suka motsa a ciki.

Na durƙusa. Na kai wayar bakin Yaya.

"Ni ba za ta ji maganata ba," na ce. "Taka take ji."

Ya kalli wayar. Ya kalli Direba, da Malama, da matar kan benci da ta tashi zaune.

"Maman Kumatu."

"Na'am? Baban Kumatu, ƙaninka fa ya..."

"Ajiye ashanar."

"Ba kai ka ce..."

"Ba na jin wari." Ya rufe ido, irin yadda yake rufewa a bakin tukunya. "Ba na ji. Tun da na kwanta bai dawo ba. Ƙarya na yi miki. Da safe ban ji komai ba sai abin da ke cikin kaina. Ke kika ji daidai. Ki ajiye, ki ɗauki yarinyar, ki fita. Kar ki taɓa komai. Ki yafe min. Kina ji na? Ki fita kawai."

Ya yi shiru.

Wayar ma shiru. Ba kukan Kumatu. Ba komai.

"Kina ji na?"

Na juyo da fuskar wayar.

Kiran ya yanke.

Ban san a kan wace kalma ya yanke ba.

Na sake kira. Wata murya ta ce lambar ba ta shiga.